Labarin da zai ba ka dariya, ya cije ka, amma kada ya kashe maka gwiwa: akwai shi kuwa?

Mai_Karatun_Dare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni. Gajerun labaran barkwancin da nake cin karo da su yawanci iri biyu ne. Akwai wanda za ka tuntsire da dariya, ka rufe, kafin ka tashi daga wurin ka manta da shi. Akwai kuma wanda marubucin zai zage ya caccaki kowa, manya ɓarayi, ƙanana munafukai, babu na kirki ko ɗaya, ka gama karantawa jikinka ya yi sanyi. Wanda nake so shi ne wanda zai yi wa al'umma shaguɓe mai zafi, ya kuma bar ka da jin cewa gyara na yiwuwa. Shin ana iya haɗa biyun da gaske, ko kuwa da zarar kyakkyawan fata ya shigo zambon ya dakushe? A taimaka da misalai.

Sarkin_Musu: Wa alaikumus salam. Ba ya yiwuwa. Aikin zambo ya ji wa mutum ciwo. A 1729 Jonathan Swift ya rubuta wata 'yar maƙala yana ba da shawara, da murya irin ta masanin tattalin arziki, cewa talakawan Ailan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a matsayin abinci, har da lissafin riba. Bai sassauta ko a layi ɗaya ba. Shi ya sa yau kusan shekara 300 ana karanta ta. Da ya ƙare da "amma in mun haɗa kai komai zai daidaita", da tuni an manta da shi.

Uwar_Biyu: Kai Sarkin_Musu, daga sallama sai yanka jarirai? Mutumin nan cewa ya yi yana son abin da zai kwantar masa da rai 😂

Tsohon_Malami: Musun nan ya girme mu duka. Masu nazarin adabi sukan raba zambo gida biyu, suna jingina kowane gida ga wani mawaƙin tsohuwar daular Rum. Horace, wanda ya rasu shekara 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana yi wa wautar mutane ba'a cikin murmushi, yana kuma sa kansa a cikin waɗanda ake yi wa dariyar. Juvenal, da ya zo bayansa da fiye da ƙarni guda, da fushi yake rubutu, babu sassauci. Swift ɗan gidan Juvenal ne. Abin da Mai_Karatun_Dare ke nema yana gidan Horace. Don haka cewa ba ya yiwuwa bai taso ba, ɗana. Ka dai ce kai gida ɗaya ka fi so.

Sarkin_Musu: Na ji, Baba Malam. To amma wane ne a cikinsu ya taɓa hana azzalumi barci?

Uwar_Biyu: Ni dai ban san su Horace ba. Abin da na sani, in na gama hidimar yara da dare, ba na son labarin da zai ƙara min nauyi a ƙirji. Akwai na O. Henry na 1905, wanda matar ta sayar da gashinta don ta saya wa mijin sarƙar agogo, shi kuma ya sayar da agogon don ya saya mata matajan gashi. Za ka yi dariyar wautarsu, sannan ka ji hawaye na neman zubowa.

Ɗan_Takarda: Anti, labarin yana da daɗi, amma wa aka zambata a ciki? Babu. Labarin soyayya ne mai juyi a ƙarshe. Talaucin yana nan, amma marubucin bai tambayi dalilinsa ba.

Uwar_Biyu: To ba ni naka mu gani.

Ɗan_Takarda: Chekhov, marubucin Rasha. Yana da wani ɗan labari na 1884 da bai wuce shafi uku ko huɗu ba, sunansa Hawainiya. Kare ya ciji wani maƙerin zinariya a yatsa a tsakiyar kasuwa. Jami'in 'yan sanda ya iso yana kumfar baki, sai an kashe karen, sai an ci tarar mai shi. Wani a cikin taron ya ce ai kamar karen janar ne. Nan take jami'in ya juya kan wanda aka ciza: ɗan ƙaramin kare kamar wannan ta yaya zai kai yatsanka, kai ka tsokane shi. Wani kuma ya ce ba na janar ba ne, ya sake juyawa kan karen. Haka ya dinga yi, yana cire kwat yana mayarwa, wai zafi, wai sanyi. Daga ƙarshe aka gano na ɗan'uwan janar ne, sai ga shi yana yi wa karen wasa. Babu wanda zai karanta wannan bai tuno wani da ya sani ba. A nan nake ganin fatan: marubucin ya amince cewa mai karatu zai gane abin kunya ne. Wanda ya yanke ƙauna da mutane ba ya ɓata lokacin nuna musu abin kunya.

Sarkin_Musu: Madalla da ka kawo wannan. Ka tuna wa taron ya yi wa dariya a ƙarshe? Wanda aka ciza. Ba jami'in ba. Mutumin yana tsaye da yatsa na jini, jama'a na ƙyalƙyala masa dariya, jami'in ya yi masa barazana ya wuce abinsa. Ina fatan yake? Kai ka zo da shi daga gida ka liƙa wa labarin.

Ɗan_Takarda: Taron cikin labarin daban, mai karatu daban. Taron na yi wa maƙerin dariya, ni ina yi wa taron.

Baƙon_Dare: Hhhh wannan musun sai an kira ɗan sanda, shi ma sai ya tambaya karen waye tukuna.

Almajirin_Zaure: Ku ba mu wuri mu ma. Kun tafi Turai kun bar na kusa. Jahiz, mutumin Basra da ya rasu wajen 255 bayan Hijira, yana da littafi sukutum a kan marowata. Abin da ya sa labaran ke da armashi shi ne ba ya tsayawa yana zaginsu. Yakan bar marowacin ya kare kansa da hujjoji masu tsari, da fasaha, har ka ji kamar zai rinjaye ka, sai ka farga dariya kake yi. Sannan ga Maƙamatul Hariri, gajerun labaran Larabci guda 50, kowanne ana kiransa maƙama. Abu Zaid mutumin Saruj yana yawo gari gari, yau ya zama mai wa'azi, gobe mabaraci, jibi mai ƙara a gaban alƙali, yana yashe aljihun mutane da zaƙin baki. Mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammam, kullum sai daga baya yake gane shi. Waɗanda ake zambata da gaske su ne masu sauraron da kalmomi masu ƙyalli ke ruɗa. A maƙama ta ƙarshe kuma Abu Zaid ya tuba. To ga zambo, ga fata, tun kafin 1122 da Hariri ya rasu.

Sarkin_Musu: Ya yi damfara 49 ya tuba a ta 50. Malam, wannan ai rufe littafi ne cikin ladabi.

Almajirin_Zaure: Ko da haka ne, ƙofar tuba a buɗe marubucin ya bar ta. Kuma wanda ya karanta ya san tun da wuri akwai alamun mutumin ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, yana dai kafa hujja da cewa zamani ne ya lalace.

Gimbiyar_Biro: Ina bin ku tun ɗazu na yi shiru, saboda wannan matsalar ce ta tsayar min da wani labari da nake rubutawa. Bari in ba ku shi a taƙaice ku ba ni shawara.

Wata ma'aikata ce, an kafa akwatin ƙorafi a bakin ƙofarta da gagarumin biki, har da yanke kyalle da jawabai. Mabuɗin akwatin yana hannun shugaban da ya ƙaddamar da shi, kuma an yi masa canjin wurin aiki bayan mako biyu, ya tafi da shi a aljihu. Shekaru suna wucewa mutane na ta cusa takardu. Duk shekara ana sake yi wa akwatin fenti, akwai ma kwamitin kula da shi mai alawus. Wata rana nauyi ya yi masa yawa, gindinsa ya ɓalle, takardu suka zube a gaban wani tsohon masinja. An ce ya kwashe ya ƙona. Shi kuma da yake ba shi da abin yi da dare, sai ya fara karantawa. Ya tarar da wani yana kukan famfon layinsu ya lalace babu mai gyarawa, wani kuma yana kukan ya iya gyaran famfo amma babu aiki. Wata na neman mai koya wa 'ya'yanta karatu, wani malami mai ritaya yana kukan zaman banza. Sai tsohon ya riƙa kai wa wannan takardar wancan. Cikin 'yan watanni ƙorafi ya ragu.

A nan na tsaya. Ƙarshe biyu gare ni. Na ɗaya, a gano masinjan a karrama shi. Na biyu, sabon shugaban ma'aikatar ya karɓi lambar yabo kan raguwar ƙorafi, a ba da umarnin a yi sabon akwati da ya fi na da ƙarfin gindi, shi kuma tsohon ya riƙa zuwa aiki da ɗan sukundireba a aljihu.

Baƙon_Dare: Na biyu! Wallahi na biyu. Kwamitin kula da akwati ya kashe ni 😂😂

Uwar_Biyu: Ni na ɗaya nake so. Bawan Allah ya wahala, a bar shi ya ci moriyar wahalarsa mana. Kullum a labari sai mai kirki ya tashi a tutar babu?

Tsohon_Malami: 'Yata, na biyu, kuma ga dalili. Idan ma'aikatar ta karrama shi, kin wanke ta. Mai karatu zai ce ashe dai suna da adalci, jinkiri kawai aka samu, duk ba'ar da kika yi musu a shafukan farko ta zube. A na biyun kuwa ba ki yi wa mai karatu ƙarya ba: manyan suna nan yadda suke, yabo ya tafi inda ya saba tafiya. Amma famfon ya gyaru, yaran suna karatu, tsohon kuma bai daina ba. Ba ki ce duniya ta canja ba, kin dai nuna cewa akwai abin da wautar manya ba ta iya hanawa. Shawarata ɗaya: kada ki bari wani a cikin labarin ya tsaya ya bayyana wannan da baki. Da zarar tsohon ya buɗe baki ya ce "ai taimakon juna shi ne", kin koma wa'azi. Ki bar sukundireban ya yi magana.

Gimbiyar_Biro: Na gode Baba. Akwai wani sakin layi da matarsa ke yi masa irin wannan jawabin, dama ina ta kallonsa da shakku.

Sarkin_Musu: Labarin ya yi, ban musa ba. Amma ku lura da haɗarinsa. Saƙon da wani zai ɗauka shi ne: ku ƙyale hukuma, ku gyara famfonku da kanku. Wannan shi ne irin fatan da masu mulki suka fi so. Shugaban ma zai iya karanta labarin ya yi dariya ya tura wa abokansa.

Gimbiyar_Biro: Wannan ta taɓa ni, Yaya. To me zan yi?

Sarkin_Musu: Ki sa a cikin takardun akwai waɗanda tsohon ba zai iya komai a kansu ba. Wanda aka cinye wa haƙƙinsa na ritaya, wanda aka ƙwace wa fili. Ya ware su gefe, tarin na girma. Mai karatu ya ga iyakar abin da mutum ɗaya zai iya.

Ɗan_Takarda: Jama'a ku shaida, mutumin da ya ce ba ya yiwuwa shi ne yanzu ke koyar da yadda ake yi.

Sarkin_Musu: Ƙara masa ɗaci nake yi, ba zaƙi ba.

Zee_Mai_Raha: Ni abin da ke ɓata min rai da yawancin barkwancin da ke yawo yanzu, musamman na bidiyo, shi ne wanda ake yi wa dariyar. Mai in'ina, gurgu, mai ƙiba, baƙon da bai iya harshe ba, matar da ta daɗe ba ta yi aure ba. Kullum na ƙasa ake duka. Ka yi dariya, daga baya ka ji kunyar kanka. Wannan ba shi da alaƙa da gyaran al'umma, cin zali ne da kiɗa.

Baƙon_Dare: Ai na ƙasa ba ya kai ƙara, shi ya sa.

Abban_Hanan: Gaskiya Zee. Amma kada mu ce talaka ba a taɓa shi sam. Chekhov ɗin da aka ambata yana da wani na 1883, ƙaramin akawu ya yi atishawa a gidan wasan kwaikwayo, ta fantsama a kan sanƙon wani janar. Janar bai ɗauki abin da zafi ba, amma akawun ya dinga binsa yana ba da haƙuri, yau da gobe, har janar ya ƙosa ya daka masa tsawa. Ya koma gida ya kwanta ya mutu. Na ƙasa aka yi wa dariya a nan, amma abin da ake nunawa tsoron da aka dasa masa ne. Bambancin shi ne, ana yi masa dariya ne kan abin da zai iya fita daga ciki, ba kan halittarsa ba.

Zee_Mai_Raha: Wannan na yarda. Amma fa ya mutu. Mai tambaya fata yake nema, kai ka kawo gawa.

Hajiya_Kaka: Ku yara kuna ta kiran sunayen da ban iya faɗa ba. Gizo fa? Zaki da kura duk sun fi shi ƙarfi, amma shi ke juya su. Yaro na jin haka ya san ƙarfi ba shi ne komai ba. Kuma ba a bar Gizon ya tsira ba, kwaɗayinsa na jefa shi a rami, Ƙoƙi na kallo. Kowa ya sha nasa, babu wanda aka yanke wa ƙauna, gobe da dare a sake sabuwa.

Tsohon_Malami: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abubakar Imam ma da ya fitar da Magana Jari Ce a 1937, bakin aku ya ara ya gaya wa masu sarauta abin da ba a iya gaya musu kai tsaye. Tsuntsu ne ke magana, wa zai yi fushi da tsuntsu?

Mai_Karatun_Dare: Ina jin daɗin muhawarar nan ƙwarai. Amma bari in dawo da mu kan tambayar Sarkin_Musu da ba a amsa ba: mai laushin yana hana azzalumi barci kuwa?

Ɗan_Takarda: Yana hanawa. Mikhail Zoshchenko a Tarayyar Sobiyet ba mai zafin alƙalami ba ne. 'Yan gajerun labarai yake yi kan layin jira, gidan wanka na jama'a, maƙwabta masu faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. A 1946 aka kore shi daga ƙungiyar marubuta ta ƙasar, kuma cikin abin da aka kafa hujja da shi har da wani labari kan biri da ya tsere daga gidan namun daji ya zaga gari. Labarin biri fa. Idan mai laushi ba ya cizo, me ya sa suka ji zafi?

Abban_Hanan: Ga kuma Aziz Nesin na Turkiyya, ya sha ɗauri ba sau ɗaya ba saboda barkwancinsa kan ma'aikatu da 'yan siyasa. A farkon shekarun 1970 ya kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin karatun yaran da ba su da galihu, da kuɗin littattafansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa ƙasarsa ba'a, ga inda ya zuba abin da ya samu.

Sarkin_Musu: Wannan rayuwarsa ce, ba labaransa ba. Muna maganar abin da ke kan takarda.

Uwar_Biyu: Kai dai ba a iya maka. To na sarkin da aka ɗinka wa rigar da babu ita fa? Yaro ya faɗi gaskiya, kowa ya farka. Ko shi ma babu fata?

Sarkin_Musu: Anti ki koma ki duba ƙarshensa yadda marubucinsa Andersen, ɗan ƙasar Denmark, ya rubuta a 1837. Yaro ya faɗa, jama'a sun ɗauka, sarki ya ji a jikinsa gaskiya ne. Me ya yi? Ya ƙara miƙe wuya ya ci gaba da tafiya, fadawa na biye suna riƙe da jelar rigar da babu. Ba a fasa jerin gwanon ba.

Tsohon_Malami: Haka ne, ba a fasa ba. Amma da safe kowa na tsoron shi kaɗai ne ba ya ganin rigar, da yamma kowa ya san maƙwabcinsa ma bai gani ba. Sarkin da zai koma fada a daren ba irin jama'ar da ya fito ya tarar zai mulka ba.

Zee_Mai_Raha: Ko kuma washegari a kama uban yaron.

Baƙon_Dare: Zee ta koma jam'iyyar Sarkin_Musu 😂

Almajirin_Zaure: Ni ina ganin abin ya danganta da ranar da ka karanta. Akwai lokacin da na karanta maƙamar tuban Abu Zaid na ji kamar an yi min dabara, akwai lokacin da na karanta ta na ji ita ce littafin gaba ɗaya. Rubutun bai canja ba.

Gimbiyar_Biro: To ga abin da na yanke. Na cire jawabin matar. Na ɗauki ƙarshe na biyu. Na saka tarin takardun da Yaya Sarkin_Musu ya ce, tsohon yana ɗaure su da zare yana ajiyewa a ƙarƙashin gado. Abin da ya rage ban sani ba shi ne ko in sa ya kai su wani wuri a shafin ƙarshe, ko in bar su a ƙarƙashin gadon.

Sarkin_Musu: Ki bar su.

Uwar_Biyu: Ya kai su gidan jarida mana!

Ɗan_Takarda: Ya mayar da su cikin sabon akwatin ranar ƙaddamarwa, gindin ya sake ɓallewa a gaban manyan baƙi.

Hajiya_Kaka: Ni dai 'yar nan in kin gama ki sa a karanta min a murya, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan.

Gimbiyar_Biro: In sha Allahu Hajiya. Ɗan_Takarda, wannan naka in na ɗauka ba za ka ce a raba kuɗin ba ko?

Ɗan_Takarda: Sai dai a sa ni a kwamitin.